Wai da gaske dutsen gawayi ya fi na lantarki iya guga?

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya jiƙan kakar taki ya kai haske kabarinta. Kin ce cikin kayan da ta bari kin samu tsohon dutsen guga na gawayi mai zakara a goshi, da akushi da randa da fitilar ƙwai, maigidanki kuma kullum ƙorafinsa shi ne gugar yanzu ba ta kama ƙafar ta da ba, shi ne kike tambaya ko da gaske ne, kuma ko dutsen zai iya komawa aiki ko ki ba 'yan gwangwan. To ni wanki da guga gado na yi, a nan Tudun Wadan Zariya na tashi na tarar da mahaifina yana yi, kuma har yau a shagona akwai na gawayi akwai na lantarki, don haka bari in faɗa miki abin da hannuna ya sani.

Maigidanki yana da gaskiya amma ba ta inda yake zato ba. Mutane suna ɗauka wai zafin gawayi wani irin zafi ne na daban mai shiga jikin yadi, wallahi babu wannan, zafi zafi ne, yadi bai san ko daga garwashi ya fito ko daga waya ba. Abin da ke kwantar da tufa abu uku ne, zafi da danshi da nauyi. Zaren auduga idan ya ji ɗumi da laima sai ya saki jiki, ka danne shi a haka, ya bushe ya huce a miƙe, shi ke nan ya zauna. To dutsen da, na zubin ƙarfe ne ko na tagulla, ki ɗaga na kakarki ki ji, kafin ma a zuba masa wuta ya ninka na lantarkin da ake sayarwa yanzu nauyi, wasu na yanzun ma rabinsu roba ne yaro ɗan shekara biyar sai ya ɗauka da hannu ɗaya. Shi wancan nauyinsa ne ke yin rabin aikin, kai dai turawa kawai kake. Ga shi gindinsa mai kauri ne, idan ya ɗau zafi yana riƙewa, ko ka ɗora shi a kan jiƙaƙƙen yadi ba ya saurin sanyi, na yanzu kuwa ɓawon gindin siriri ne, da ya taɓa danshi sai ki ji ya yi ƙas ya sake kunna kansa, kina gogawa yana wasa da zafi sama da ƙasa.

Sai kuma abin da ake mantawa, yadin ma ai ba iri ɗaya ba ne. Kayan da iyayenmu suke sawa auduga ce zalla, akoko da alawayyo da kaki da saƙi da atamfa ta gaske, masaƙar Kaduna ta farko an buɗe ta tun 1957 kuma audugar da ake nomawa a ƙasashen nan namu ita ake kai mata. Auduga tana son wuta sosai. Ki duba ɗan ƙyallen da ke wuyan rigunan kanti za ki ga hoton dutsen guga da ɗigo a ciki, ɗigo ɗaya zafin digiri 110 ke nan, biyu 150, uku kuma 200, to auduga ta ɗigo uku ce. Yadin da ya cika kasuwar Sabon Gari yanzu kuwa yawanci an cakuɗa shi da roba, wani ma robar ce zalla aka yi mata fenti, irin wannan ko ki kawo dutsen kakar kakarki ba zai yi irin kwanciyar nan da maigida yake tunawa ba, abin da zai faru ma shi ne ya yi ƙyalli ya tattare ko ya manne a gindin dutsen ki zauna kina salati.

Wani abin kuma, shi kansa dutsen gawayin ba shi ne na asali a wurinmu ba, baƙo ne da ya daɗe har ya zama ɗan gida. Kafin shi bugu ake yi, kuma har gobe ana yi a cikin birni. Za a yayyafa wa riga ruwa a ninke ta, a shimfiɗa a kan wani santalelen gungume da ya sha aiki har ya yi sulɓi, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna kowa da mabuginsa na itace mai nauyi, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, ana juya rigar ana sake ninki, tun daga nesa za ki ji sautin kamar masu lugude. Babu wuta ko kaɗan a ciki amma rigar za ta fito tana sheƙi, saboda dukan yana dalaye zaren ya toshe 'yan ƙofofin saƙar fuskar yadin ta zama sumul. Baƙin rawani ɗan Kura da turkuɗi da kore, wannan walƙiyar tasu mai kama da ta ƙarfe ai shuni ne ake barbaɗawa a buge shi ya shige jikin zaren, babu dutsen da zai ba ki wannan. Kuma Zazzau gari ne na ɗinkin hannu, aska biyu, aska takwas, rigar da aka yi wata da watanni ana mata aiki da allura, ba a gama ta sai ta biya ta wurin masu bugu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa sirrin na danshi da nauyi ne, don ga gugar da ta fi kowace kyau ba a hura mata ko ƙwayar gawayi ba.

Shi dutsen ya samu gindin zama ne da zuwan kaki. Layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, Sabon Gari ta kafu da ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa, depo na horar da sojoji ya zo a 1924, kwalejin Barewa ta taso daga Kaduna zuwa Zariya a 1949, jami'ar Ahmadu Bello aka buɗe a Samaru a 1962. Duk waɗannan mutane ne masu yunifom ko wando da shat, kuma ana son a ga kari a wandon ya tsaya cak. Bugu ba ya fitar da karin wando, ba ya shiga tsakanin maɓallai da kwala, nan dutse ya yi kasuwa, nan kuma sana'ar iyayenmu ta samu abinci. Na lantarki kuwa da daɗewa akwai shi a duniya, wani Ba'amurke Henry Seely ya yi masa rajista a birnin New York tun 1882, mu dai wutar ce ba ta kai gidajen talakawa da wuri ba, da ta kai ɗin ma ba ta zauna ba, shi ya sa har yau ba a yi wa na gawayi ritaya ba. Wanda ba shi da dutsen ma a da sai ya zuba garwashi a tasa mai lafiyayyen gindi ya kama bakinta da tsumma ya goge rigarsa, 'yan makarantar kwana kuma su ninke yunifom su sa a ƙarƙashin katifa su kwana a kai.

Yanzu maganar naki. Kar ki ba 'yan gwangwan, kuɗin da za su ba ki a kilo ba zai saya miki ko marfin sabo ba, sababbin da ake kawowa kuma ba su kai shi kauri ba. Ki fara duba abu uku. Gindin, ki kifa shi ki shafa da hannu, idan tsatsa ce kawai ba komai, sanfefa mai laushi ko toka da ɗan yashi mai laushi a jiƙaƙƙen tsumma za su fitar da ita, amma idan ya tsage to ya zama na ado. Sai zakaran nan, ba kwalliya ba ce, shi ne sakatar da ke riƙe marfi, idan yana lilo ki kai wa maƙeri ya ɗaure shi, don babu masifar da ta kai kina tsakiyar guga marfi ya buɗe garwashi ya zube a kan rigar sallar maigida. Sai mariƙin katako, in ya ruɓe kowane kafinta zai fafe miki wani. A ciki kuma ya kamata ki ga wani ɗan faranti mai huji-huji da garwashin ke zama a kai toka tana zuba ƙasa, in ya ɓace a yanko miki wani, in ba haka ba tokar za ta shaƙe wutar.

Gawayi kuma ba kowanne ba. Ki nemi na itace mai tauri, wanda in kin ɗauka za ki ji nauyi in kin buga biyu su yi ƙara, irin na ƙirya da maƙera ke so ko na marke. Mai sauƙin nan maras nauyi tartsatsi ne da shi kuma minti kaɗan ya zama toka. Kada ki hura wutar a cikin dutsen, ballantana ki zuba kananzir ko ki sa leda, warin zai kama kayan kuma baƙin hayaƙin zai fito ta hujin gefe ya yi wa farar riga zane. A kasko ko kurfoti za ki hura a waje, sai ya kama ya yi ja hayaƙi ya ɗauke, sannan ki tsinto da cokali ki zuba kamar rabin cikin dutsen ko sama kaɗan, ki rufe ki sa sakata, ki ba shi ɗan lokaci ƙarfen ya sha zafi. In wuta ta yi sanyi ki yi mata fifita da mafici ta wajen hujin baya, mu dai mukan kama mariƙin mu yi ta lilo da shi gaba da baya iska na shiga, amma ke kar ki fara da wannan sai hannunki ya saba. Kuma lokaci-lokaci ki koma gefe nesa da kayan ki hure tokar.

Shi ba shi da maɓallin rage zafi, wannan shi ne babban aibinsa kuma nan ake gane gwani. Ki ajiye tsohon farin tsumma a gefe, duk sanda za ki ɗora a kan tufa ki fara gogawa a kansa, in ya bar ja-ja to ya yi yawa, ki goga gindin a kan jiƙaƙƙen buhu ya sauka. Kar ki tsoma shi cikin ruwan sanyi yana da zafi, zubin ƙarfe yana iya tsagewa. Ki ɗan goga masa guntun kyandir ki share da tsumma, za ki ga yana sulɓi a kan yadi. Kuma a jera kaya bisa ga wuta, lokacin da take da ƙarfi a fara da masu kauri, zanin gado, kaki, jins, shadda, tana raguwa ana komawa kan atamfa da marasa nauyi. Hijabi da mayafi da leshi da yadin makaranta na roba, ni shawarata ki bar wa na lantarki, in kuwa dole ce to ki shimfiɗa farin ƙyalle a kai ki goga ta samansa. Wurin ajiye shi in kin ɗaga, bulo ko ƙarfe mai ƙafa, ba kan tabarma ba, kuma yara su yi nisa don gefensa ma ƙuna yake.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi, kada ki yi guga da gawayi a rufaffen ɗaki. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba da ba a gani ba a jin warinta, ita ce dai irin wadda ke kashe mutane in sun kwana da janareta ko kaskon wuta a ɗaki lokacin hunturu. Alamarta ciwon kai da jiri da kasala. A baranda ko tsakar gida ko zaure mai buɗaɗɗiyar ƙofa, nan ne wurinsa.

Sai sitati, wanda ina ganin shi ne ainihin abin da maigidanki yake kewa bai sani ba. Na rogo, a dama shi da ruwan sanyi tukuna ya narke babu gudaji, sannan a kwarara tafasasshen ruwa ana juyawa har farin ya juye ya zama garai-garai, a tsinka shi da ruwa gwargwadon taurin da ake so, a tace, a tsoma rigar a bai-bai a matse a shanya. In ta bushe ƙayau sai a yayyafa mata ruwa da hannu a dunƙule a ajiye ta ɗan jima danshin ya ratsa ko'ina, sannan a goge. Yawancin masu cewa gugarsu ba ta kwanciya wannan matakin suke tsallakewa, su ɗauko riga a bushe ƙamas daga igiya su hau ta da dutse, ko su fesa ruwa nan take su goga, saman ya jiƙe cikin zaren a bushe. Fararen kaya kuma a da sai an sa musu bula a ruwan ɗauraya na ƙarshe, ɗan shuɗin nan yana kashe jan da farin yadi ke yi in ya tsufa ido ya ga kamar ya ƙara fari, amma kaɗan ake sawa, in ya yi yawa malam zai fita masallacin Juma'a da riga ruwan sararin sama. Na fesawa na gwangwani da ake yayi yanzu ba laifi don sauri, sai dai wanki ɗaya ko zufa ɗaya ya tafi.

Babbar riga mai aikin hannu kuma ta bai-bai ake goge wurin aikin, a kan bargo mai laushi, don zaren ya nutse cikin bargon ya fito a tashe. In kika hau shi ta fuska da dutse mai nauyi kin kwantar da wahalar mai ɗinki, aikin zai yi lamɓas ya yi ƙyalli. Shadda mai tsada, irin Getzner da ake kawowa daga Ostiriya, ita ma sheƙinta na matsi ne da aka yi mata a masana'anta, yawan wanki da omo da zafin dutse suna cinye shi, shi ya sa masu abin suke kai ta bugu maimakon guga. Ni kaina in kwastoma ya kawo irin wannan nakan ce masa Alhaji wannan ba tawa ba ce, a kai cikin gari. Ninki ma ilimi ne, don layukan ninkin nan da ake gani a jikin babbar riga in an warware ta ado ne, ba a son su karkace.

Sauran kayan da kika lissafa, randa ki wanke ta ki ci gaba da amfani da ita. Jikinta yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa waje iska tana busar da shi, wannan bushewar ita ke janye zafin ruwan ciki, shi ya sa ta fi sanyi a bazara da hunturu da iska take a bushe, da damina kuwa sai a hankali. Ki ɗora ta a kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa inda iska ke wucewa, kar ki yi mata fenti ko siminti a jiki don kin toshe ta ke nan. Gyara ɗaya zan ce a yi wa al'adar da, moɗar nan da kowa zai sha ya mayar ciki, a'a, a ware ta ɗiba daban kofin sha daban, a rufe da faifai. Akushi kuma itace ba ya saurin ɗaukar zafi ya watsar kamar kwanon sha ko langa, tuwo yana jimawa da ɗuminsa kuma ba ya yin gumin nan da yake yi a kula ko a leda, sai dai kar a bar shi cikin ruwa ko a rana, tsagewa zai yi, a riƙa shafa masa ɗan man gyaɗa. Fitilar ƙwai ki goge ki ajiye don tarihi, da tsadar kananzir da wankin ƙwai da gyaran lagwani kullum yamma, fitilar sola ta fi ta ta kowace fuska, wannan ba na jayayya.

Ban ga kin ambaci dutsen niƙa da turmi ba, amma tunda ana maganar kayan da bari in faɗi ra'ayina ko da wasu maza za su ji haushi. Mu maza mun fi kowa kewar waɗannan abubuwa saboda ba mu ne muka yi aikin ba. Mu abin da muke tunawa daɗin tuwon da waƙar niƙa da asuba, su kuwa iyayenmu mata abin da suka sani surfe da bakace da niƙa a durƙushe har gwiwa ta yi kanta, ga hayaƙin murhu a ido shekara da shekaru. Ranar da injin niƙa ya shigo unguwa ban ji labarin matar da ta yi kuka ba. Turmi dai har yanzu yana da wurinsa, kirɓin fura da sakwara da dakan yaji da daddawa bilenda ba ta yi musu yadda ake so, amma wanda ya ce a koma niƙan dutse to a miƙa masa ɗan dutsen ya fara.

Gugar gawayi ma haka take, akwai wahala, hura wuta da fifita da toka da zufa, kayan da za ki gama cikin rabin awa da na lantarki sai su ci miki awa guda da wannan. Don haka ni abin da zan ce, ki gyara shi ki ajiye don ranar da babu wuta da kuma manyan kayan maigida na auduga masu sitati, na yau da kullum ki ci gaba da na lantarkinki. In kuma za ki sayi sabon na lantarki ki daina duba kyan launi, ki ɗaga ki ji nauyi, akwai masu nauyin nan irin na teloli da masu wanki, a Sabon Gari ana samu, su za ki nema. Ki fara gwada hannunki da tsofaffin zannuwan gado kafin ki taɓa rigar kowa, kuma gawayin da ya rage in kin gama ki juye a kasko ki kashe da ruwa ki shanya, gobe zai sake kamawa.